Waiwaye: Makarantar LEA, Wa Ke Da Ita?

A shekarar 1958 aka turo wani saurayi ɗan shekara 22 ya koyar a makarantar Hunkuyi, fitowarsa ke nan daga kwalejin horon malamai ta Katsina. Sunansa Shehu Idris. Bayan shekara 17 aka naɗa shi Sarkin Zazzau, ya yi shekara 45 a kan gadon sarauta har Allah Ya karɓi rayuwarsa a watan Satumba na 2020, Allah Ya jiƙansa. Irin mutanen da hukuma ke sa wa alli a hannu a wancan zamani ke nan. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai game da wannan tarihi shi ne duk magidancin da ke Hunkuyi a lokacin ya san wanda ya turo malamin, ya san wanda ke biyansa albashi, ya kuma san ƙofar da zai je ya yi sallama idan malamin ya daina zuwa aji.

En'e ta Zazzau ce ke da makarantar. Kuɗinta daga haraji da jangali yake fitowa, dagaci ya tara, hakimi ya haɗa ya kai baitulmali a Zariya, daga can albashi ya fito, alli da littafi su fito. Hakimi kan yanka wa kowane dagaci adadin yaran da zai kawo, idan yaro ya gudu kuwa mai unguwa ake tambaya. Ba na cikin masu yi wa zamanin En'e ado. Makarantun kaɗan ne ƙwarai, 'ya'ya mata ba su da yawa a cikinsu, iyaye da dama ɓoye 'ya'yansu suke yi ko su tura su gabas karatun allo don kada a kama su a kai boko, harajin kuma da tsanani ake karɓarsa, talaka ya sha wuya a kansa. Duk da haka akwai wani abu guda da tsarin yake da shi: mai biya da mai ɗauka aiki da mai dubawa gida ɗaya ne, kuma gidan yana nan kusa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar ilimi wadda ta tanadi hukumomin ilimi na yanki, LEA, sunan da har yau yake rubuce a bangon makarantu daga Paki har Likoro.

Abubuwa biyu suka faru a 1976 waɗanda har gobe muna cikin tasirinsu. Na farko, gyaran tsarin ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya, wanda ya haifar da ƙaramar hukumar Ikara, babba a lokacin, kafin daga baya a fitar da Makarfi da Kubau da Kudan. Na biyu, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na shekarar. An yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya a faɗin Najeriya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Aka zauna a gindin bishiya, aka kafa rumfunan zana, aka ɗebi waɗanda suka gama aji bakwai aka yi musu gajeren horo aka ba su aji. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, ita ma haihuwar wannan shekara ce, don cike wannan giɓi aka kafa ta. Dubban 'ya'yan manoma da ba su taɓa tsammanin ganin cikin aji ba sun samu shiga ta wannan ƙofa, ciki har da likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da ƙasar Zazzau ke alfahari da su yau. Alheri ne babba, ba mai musu.

Sai dai kuɗin UPE kuɗin man fetur ne, daga Legas yake saukowa. Tun daga nan makaranta ta fara zama ta gwamnati a bakin mutane, wato wani abu da aka kawo aka ajiye a bayan gari, wanda gyaransa da lalacewarsa duk ba ruwan kowa. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, talakawa suka yi murna, kuma suna da gaskiya. Amma babu wanda ya zauna ya yi tunanin abin da zai maye gurbin igiyar da ke tsakanin aljihun manomi da makarantar ƙauyensa. Shugaban ƙaramar hukuma ya koma kallon sama, inda kason wata-wata ke fitowa. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin tarayya ta janye hannunta, jihohi da ƙananan hukumomi suka shiga tura wa juna nauyi, malamai suka riƙa yin watanni babu albashi. A lokacin ne masu hazaƙa da dama suka ajiye alli suka kama wata sana'a, koyarwa a firamare ta zama aikin da mutum ke riƙewa kafin ya samu wani.

Abin da ya biyo baya ya kamata kowane ɗan majalisa ya haddace shi. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, NPEC, mai hedikwata a Kaduna, albashi ya fara daidaita. A farkon 1991 gwamnatin dai ta rushe hukumar, ta damƙa firamare gaba ɗaya a hannun ƙananan hukumomi. Cikin ɗan lokaci albashi ya sake tsayawa a wurare da dama, yajin aiki ya biyo baya, don kuɗin malamai ya shiga jaka ɗaya da kuɗin kwangila da na hidimar siyasa. A 1993 aka dawo da hukumar. Sauyi uku cikin shekara biyar, kuma yaron da ya shiga aji ɗaya a Gazara ko Saya-Saya a 1988 a cikin wannan rikici ya yi firamarensa duka. Duk tsohon malamin da ya ga 1991 da idonsa, in ka ce masa za a mayar da albashinsa hannun ciyaman, za ka ga fuskarsa ta canja.

Tsarin da muke ciki yanzu ya samo asali ne daga shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, da Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, da dokarsa ta 2004. Yana da kyau mai karatu ya san yadda yake aiki, domin a nan matsalar take kwance. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cirarsa. Kason yana sauka a asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, a cire na malamai tun kafin saura ya isa Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi. Ɗaukar malami da ƙarin girma da ladabtarwa, daga mataki na 7 zuwa sama, aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne, SUBEB, a Kaduna, mai takardar shaidar malanta ta NCE kuwa a mataki na 7 yake farawa, wato kusan kowane malami. Gini da benci da littattafai daga wata hanya suke zuwa: kashi 2 cikin 100 na kuɗin shiga na tarayya da doka ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, a Abuja, wanda jiha ba za ta ɗauka ba sai ta ajiye nata daidai da shi, sannan a ba da kwangila daga Kaduna. Ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda shi ne magajin LEA, an bar masa rajista da rarraba malamai da zagayen duba makarantu, sau da yawa ba tare da kuɗin man babur ba. Hedimasta kuma an hana shi karɓar ko kwabo daga iyaye, tunda karatu kyauta ne, amma ba kullum ake ba shi abin sayen alli da tsintsiya ba.

To ka duba. Wanda ake cire kuɗi daga kasonsa ba shi ke ɗaukar malami ba. Wanda ke ɗaukar malami yana can nesa, ba ya ganin ko malamin ya shiga aji ranar Litinin. Wanda ke gani kullum, uban yaro da mai unguwa da limamin gari, ba shi da ta cewa. Idan iska ta yaye kwanon aji a farkon damina, hedimasta ya rubuta wa sakatare, sakatare ya rubuta wa Kaduna, Kaduna ta jira tsarin aikin shekara ya samu amincewar Abuja, kafin ɗan kwangila ya iso bango ya jiƙe ya zube, gyaran da kafinta ɗaya zai gama a kwana biyu ya zama sabon gini. An raba tsohuwar Ikara gida huɗu, kowane gida da sakatariyarsa da sakataren iliminsa da ma'aikatansa, ofis ya matso kusa da jama'a, iko kuma ya ƙara nisa.

Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta zo a 2015 ta faɗi abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa a bainar jama'a ba: cikin makarantun firamare sama da 4,000 na Jihar Kaduna, kusan rabin yara a ƙasa suke zama. A watan Janairu na 2016 ta fara ciyar da ɗalibai a kan naira 50 kowane yaro, ajujuwa suka cika maƙil, gwamnatin ta ce rajista ta tashi daga wajen miliyan 1.1 zuwa miliyan 2.1. Shirin bai daɗe ba nauyinsa ya fi ƙarfin jihar, amma ya tabbatar da cewa yaran suna nan, yunwa da talauci ne ke riƙe da yawansu a gida. Sai 2017, aka yi wa malamai kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, aka yi shelar ɗaukar 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018, bai kai mako biyu ba aka janye. A cikin sababbin da aka ɗauka, an sake sallamar 4,562 a shekarar. A watan Yuni na 2022 aka sake korar 2,357, galibinsu saboda ƙin zama wata jarrabawar, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba.

Ra'ayina a kan wannan bai canja ba. Malamin da ba zai iya amsa tambayar aji huɗu ba bai kamata ya tsaya gaban yara ba, kuma wanda ke kare zamansa a aji ya tuna 'ya'yan talakawa ne ke zaune a gabansa, nasa 'ya'yan suna makarantar kuɗi. Amma akwai tambayar da ba a taɓa amsa ta da kyau ba: wa ya ɗauki waɗannan malamai tun farko? Ba su suka rubuta wa kansu takardar kama aiki ba. Shekara da shekaru gurbin koyarwa rabon 'yan siyasa ne, kansila yana da nasa, ciyaman yana da nasa, shugaban jam'iyya na mazaɓa yana da nasa. An hukunta wanda aka ba, ba a taɓa wanda ya bayar ba. Sannan an yi korar a dunƙule, ta haɗa da mutanen da suka yi shekara ashirin suna riƙe da makarantar ƙauyensu, waɗanda horo zai iya ɗaga su. Aka maye gurbinsu da matasa masu takardu masu kyau, da yawansu daga nesa, wasu ko Hausa ba sa ji sosai, aka tura su rugage da ƙauyukan da ba gidan haya, ba mota sai ranar kasuwa. Wasu suka ƙi zuwa, wasu suka zauna a Zariya suna bin hanyar Kano da safe, kuɗin mota na cin rabin albashi, sai zuwa ya koma kwana biyu ko uku a mako. Daga ofis a Kaduna, takarda na nuna makaranta na da malamai shida. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma ba a tambaye shi ba.

Wani abin kuma da ke damuna shi ne an auna malami sau biyu, an buga sakamako a jaridu, amma uban yaro a Kurmin Kogi ko Taban Sani ba shi da inda zai je ya ga ko 'yan aji uku na makarantar garinsu suna iya karanta jimla ɗaya ta Hausa. Abin da ake ƙirgawa shi ne rajista da yawan ajujuwan da aka yi wa fenti. Binciken karatu da aka yi da Hausa a Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 ya nuna mafi yawan yaran ƙananan ajujuwa ba sa iya karanta ko kalma guda, kuma ban ga dalilin da zai sa mu ɗauka namu sun tsira ba. Wannan yanki na manoma ne masu ƙwazo. Rake da mazarƙwailar Makarfi sun zaga ƙasar nan, tumatirin Ikara da Hunkuyi har kudu ake lodinsa, Kudan ta yi suna da inabi. Lokacin saran rake da tsinkar tumatir hannun yaro kuɗi ne. Manomi mutum ne mai lissafi: idan ya ga ɗansa ya yi shekara biyar yana zuwa makaranta bai iya rubuta wasiƙa ko lissafin kwandon tumatir ba, zai kai shi fadama, kuma wa'azin jami'in ilimi ba zai dawo da shi ba. Idan ya ga yaron ya ɗauki takardar maganin feshi ya karanta masa, da kansa zai kora shi makaranta da safe.

An taɓa gwada wata hanya a nan ƙasar tamu. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017, ya yi aiki a jihohi shida ciki har da Kaduna, kuma Makarfi da Kudan na cikin ƙananan hukumomin da ya fara da su. Ɗaya daga cikin jigogin aikinsa shi ne kwamitin kula da makaranta, SBMC, inda hedimasta da mai gari da iyaye maza da mata ke zama su tsara abin da makarantarsu ke bukata. Daga 2015 kuma shirin NIPEP, da tallafin dala miliyan 100 ga Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato, ya riƙa tura ɗan kuɗi kai tsaye zuwa asusun makarantu. Inda kwamitin ya samu mutanen kirki, ɗan abin da aka ba su ya yi aikin da ya fi na kwangila auki, don suna sayen kwano a farashin kasuwa, matasan gari su yi aikin gayya, kuma ba wanda zai ci kuɗin ya iya zama a majalisa da yamma. Matsalar ita ce abin na baƙi ne. Da wa'adin shirin ya ƙare, kwamitoci da yawa suka koma suna a takarda, domin ba a mayar da wannan tallafi wani tabbataccen layi a kasafin kuɗin kowace shekara ba.

Yuganda ta ga irin wannan. Wani bincike ya gano cewa daga 1991 zuwa 1995, kashi 13 cikin 100 kawai na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke turawa makarantun firamare ke isa gare su, saura yana narkewa a ofisoshin gundumomi. Gwamnatin ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, aka umarci makarantu su manna abin da suka karɓa a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. A Indiya kuma, tun 2005 ƙungiyar Pratham ke tura matasa gida-gida da takarda ɗaya tak, haruffa da kalmomi da gajeren labari, a gwada yaro a gaban iyayensa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙaramar hukumar Kudan.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko da aiwatarwar na tafiyar hawainiya, tambayar 1991 ta dawo: albashin malamai a hannun wa zai kasance? NUT ta daɗe tana cewa kada a mayar da shi hannun shugabannin ƙananan hukumomi, kuma abin da ya faru a Abuja a 2025, inda malaman firamare suka yi sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su sabon albashi ba, ya ƙara mata hujja. Ni ma ina tare da su a nan: a ci gaba da cire albashi tun daga tushe, kada ya biya ta teburin kowa. Amma kare albashi kaɗai ba zai koya wa yaro karatu ba. Waiwayen nan ya nuna mun shafe kusan shekara 50 muna ɗauke makaranta daga wannan ofis zuwa wancan, Legas, Kaduna, sakatariya, Abuja, ba mu taɓa ba mutanen da 'ya'yansu ke ciki iko na gaske ba.

Don haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan da sakatarorin iliminsu shi ne su fara da abin da ba ya bukatar izinin kowa. A manna sunayen malaman da ake biya a kowace makaranta a jikin ƙofar ofishin hedimasta, domin gari ya san wanda ya kamata ya gani a aji. A manna duk abin da ya shigo na kuɗi ko kaya, da sunan ɗan kwangilar da aka ba gyara da nawa aka ba shi. A ƙarshen kowane zango a gwada 'yan aji uku karatun Hausa da lissafi a gaban kwamitin makaranta, a faɗi sakamakon a taron iyaye. Majalisar dokokin jiha kuma, musamman wakilanmu, su sa tallafin kai tsaye ga asusun makarantu cikin doka, su ba kwamiti damar rubuta rahoton malamin da ba ya zuwa, a kuma wajabta wa SUBEB amsa shi cikin wa'adi. Idan za a ɗauki malamai, a yi jarrabawa a fili, a fifita ɗan yankin da ya ci, wanda zai kwana a garin.

Iyayenmu hakimai da dagatai da limamai, ku ne kuka fi kowa kusa, kuma maganarku har yanzu tana da nauyi. Kai kuma mai karatu, idan an koma makaranta zangon nan, ka ware safiya ɗaya ka je makarantar LEA ta unguwarku, ko ɗanka ba ya cikinta. Ka gaisa da hedimasta, ka tambaye shi malamai nawa ke cikin takardarsa, nawa suka zo yau, da ranar da kwamitin makaranta zai yi zamansa na gaba, sannan ka halarci zaman.